An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kamfanoninmu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da wata sabuwar al'ada da ta shigo kamfanoni, wato kulle wa ƙananan ma'aikata hanyar aika wasiƙar imel zuwa waje. Na san 'yan'uwana mutanen karkara da ƙananan 'yan kasuwa za su ce ina ruwanmu da zancen kwamfuta, ai wannan maganar 'yan boko ce. To ni ma haka na ɗauka, sai da abin ya taɓa mini aljihu.

Ni mai sayen riɗi ne. Nakan bi kasuwannin ƙasar Gumel da Maigatari in tara, in kai wa wani kamfani a Kano da ke fitar da shi ƙasashen waje. Ba zan kama sunansa ba, domin ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma har gobe ina cin abinci da su. Yadda abin yake shi ne, idan mota ta isa, malamin sikeli zai auna kaya, ya cire nauyin buhu da na datti, ya rubuta takardar awo. Da wannan takarda ake biyan kuɗi. Na yi shekara uku ba na bin mota. Direba ke kai kaya, malamin sikeli ya aiko takardar ta imel zuwa wayar ɗana, ɗana ya karanta mini, ni kuma in nuna wa manoman da na karɓi kayansu bashi, kowa ya ga abin da sikeli ya faɗa da idonsa. Wanda ya taɓa karɓar kayan manomi bashi ya san darajar wannan takarda. Ita ke raba ka da zargi.

A kakar bara na tura buhu 60. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. A rana ta uku na kira malamin sikelin, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana. Na ce, "Malam, lafiya kuwa? Ina takardata?" Ya ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, wallahi na rubuta tun ranar, amma an kulle mu. Idan na aika sai ta dawo mini. Yanzu ba na iya rubuta wa kowa sai wanda ke cikin kamfani." Na ce to wa zai aiko mini? Ya ce sai dai manaja, shi kuwa manaja ya tafi Legas. Haka na yi kwana tara manoma na yi mini sallama safe da yamma, wani ma har ya fara cewa ko dai Alhaji ya sayar ya juya kuɗin. Daga ƙarshe sai da na biya kuɗin mota na tafi Kano da ƙafata, a kan takardar da a da take zuwa kafin direba ya gama sallar la'asar.

Bari in yi wa masu karatu bayanin yadda kullen yake, kamar yadda ɗana, wanda ya karanta ilmin kwamfuta, ya warware mini. Kowane babban kamfani yana da wata babbar kwamfuta, ko tasa ko wadda yake haya, da ke aikin gidan waya. Masana na kiran ta uwar-garke. Duk wasiƙar da ma'aikaci ya rubuta sai ta bi ta wurinta kafin ta fita, duk wadda aka aiko masa ma sai ta bi ta wurinta kafin ta iso. Adireshin imel kuwa kashi biyu ne, sunan mutum a gaba, sunan gidansa a baya, da wata alama mai kama da harafin "a" da aka zagaye a tsakani. To mai kula da uwar-garken sai ya rubuta jerin sunayen ma'aikata, ya ce mata: duk wanda ke cikin wannan jeri, idan ya rubuta wasiƙa ki duba sunan gidan da za ta je, in ba namu ba ne ki mayar masa da abarsa. Ana iya kulle fita kaɗai, ana iya kulle shigowa kaɗai, ana iya haɗa duka biyun. Aikin 'yan mintoci ne. Waɗanda suka yi zamanin wayar tarho ta NITEL za su tuna yadda ake ɗaura ɗan kwado a jikin abin juya lamba, masinja ya iya amsa kira amma ba ya iya bugawa. To wannan ne ya dawo da sabuwar riga.

Da na je Kano na samu ganin manajan bayan ya dawo. Na ce, "Yallaɓai, me muka yi muku?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba don ku aka yi ba, don ɓarayi aka yi." Kuma tsakani da Allah, da ya yi mini bayani na ga ba shi da laifin jin tsoro, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar bincike ta FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙarar da aka kai mata ta zambar da ake yi wa kamfanoni ta hanyar imel ta kai asarar dala biliyan 2.9. Wannan fa abin da aka kai ƙara ke nan a ƙasa ɗaya. Ga kuma cutar kwamfuta, wadda ba ruwanta da babba ko yaro, duk wanda ya buɗe wasiƙar da ke ɗauke da ita ya shigo da ita gida. A watan Mayu na shekarar 2000 wata irin wannan cuta ta ɓullo daga ƙasar Filifin, tana zuwa da sunan wasiƙar soyayya, wanda ya buɗe sai ta aika kanta ga duk mutanen da ke cikin littafin adireshinsa. Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya. Sannan ga doka. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ce idan bayanan mutane suka fita daga hannun kamfani ta hanyar da za ta iya cutar da su, dole ya sanar da hukumar da dokar ta kafa cikin awa 72. Babban kamfanin da aka kama da saɓa dokar ana iya cin sa tarar naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekara, duk wanda ya fi yawa. Wa zai ji wannan ya yi barci da ƙofa a buɗe?

Saboda haka ni ban ce kulle haramun ne ba. Kamfani da kayansa. Mai gadi, da mai shara, da mai tuƙa motar ɗaga kaya, waɗanda abin da suke bukata shi ne sanarwar albashi da ta hutu daga ofis, idan an tsayar da su a kan wasiƙun cikin gida ba a rage su da komai ba. Ko a bankuna da asibitoci, inda ma'aikaci ke zaune a kan sirrin dubban mutane, ni kaina zan so a tsananta, domin sirrina na ciki.

Inda nake da ja shi ne yadda aka zaɓi waɗanda za a kulle. Na tambayi manajan, da wane ma'auni aka raba? Ya ce daga mataki kaza zuwa ƙasa duka an kulle, daga nan zuwa sama an bar su. Wato da girman kujera aka auna, ba a duba aikin da mutum yake yi ba. Malamin sikeli, wanda aikinsa daga safe zuwa yamma hulɗa ce da mu mutanen waje, an kulle shi. Babban akanta, wanda sa hannunsa ke fitar da miliyoyi, an bar masa ƙofa wangale. To Ya Edita, don Allah a ina ɓarawo yake shiga?

Ba sai mun yi canke ba, shari'o'in da aka yanke suna nan. A watan Afrilu na 2018 aka aika wa babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan motocin nan da muke kira katafila, wata wasiƙar yaudara. Ya latsa abin da ke ciki, ta kai shi wani shafi na jabu mai kama da na Microsoft, ya rubuta kalmar sirrinsa. Shi ke nan. Ɓarayin suka shiga akwatinsa suka riƙa aika wa ma'aikatan kuɗi umarni da sunansa, a biya wane, a biya wane, har kusan dala miliyan 11 suka salwanta. Ɗan Nijeriyar nan Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin matasan 'yan kasuwa abin koyi a 2016, ya amsa laifi a kan wannan zamba, kuma a watan Fabrairu na 2021 wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta ɗaure shi shekara 10. A lura fa, ƙananan ma'aikatan da suka tura kuɗin umarnin cikin gida suka bi, daga akwatin maigidansu ya fito. Da a ce an kulle su duka daga waje, da ba abin da zai canja, domin ta ƙofar babba aka shigo.

Haka kuma tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar burtu da sunan wani kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta, ya riƙa aika musu takardun neman biya na jabu, ya karɓe sama da dala miliyan 100. An ɗaure shi shekara 5 a 2019. Google da Facebook fa!  Shi ma Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, da aka kama a Dubai a 2020 aka ɗaure shi sama da shekara 11 a Amurka a 2022, irin wannan zamba na cikin abin da ya kai shi. Duk cikin waɗannan, mutanen da aka yi wa tarko su ne masu ikon cewa a biya. Ɗan damfara ba wawa ba ne, ba zai ɓata dare yana neman kalmar sirrin malamin sikeli ba, me zai samu a ciki, nauyin buhun Alhaji? Shi ya sa na ce an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne abin da ya biyo baya. Aiki ba ya tsayawa don an sa kwado. Bayan mako biyu sai ga takardar awo ta shigo wayar ɗana ta WhatsApp, daga wayar malamin sikelin ta kansa. Ya ɗauki hoton takardar ne ya turo, don tausayi, da kuɗin datarsa. Na gode masa, Allah Ya saka masa da alheri. Amma a duba abin da ya faru. A da, kowace takarda da ta fita tana da kwafi a uwar-garken kamfani, da rana da lokaci da sunan wanda ya aika. Idan gardama ta taso tsakanina da su, akwai shaidar da ni da su muka yarda da ita. Yanzu takardun kamfani suna cikin wayar yaro, a aljihunsa, yana hawa Keke Napep da su. Ran da aka sace wayar, ko ya bar aikin, sun tafi. Kamfanin da ya kulle ƙofa don kada bayanansa su fita, shi ne yanzu bai san adadin abin da ke fita ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ni kaina, idan gobe wani ya turo mini hoton takarda daga wata lamba ya ce shi ne sabon malamin sikeli, da me zan gane gaskiya ne? A da ina duba sunan kamfani a bayan adireshi.

Akwai kuma wata ɓarna da ta faɗa kan su ma'aikatan, wadda ba a yi tunaninta ba. Da yawansu ba su taɓa mallakar imel ba sai da suka kama aiki, don haka adireshin ofis suka bai wa banki, shi suka bai wa kamfanin da ke riƙe da kuɗin fanshonsu. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, mai kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Hanyar da ma'aikaci ke gane an zuba ko ba a zuba ba ita ce sanarwar da ake aiko masa. Da aka kulle shigowa, waɗanda suka dogara da imel ɗin ofis sai sanarwar ta ɗauke. Ban ce an yi haka da gangan ba, ban kuma ce ba a zuba musu ba. Amma bai kamata idon da ma'aikaci ke duba haƙƙinsa da shi ya zama a hannun wanda ake dubawa ba. Kuma ba a ko sanar da su ba, yaron nan ya ce da safe kawai suka zo suka tarar wasiƙu na dawowa, wasu har suna zaton kwamfutarsu ce ta lalace. Haba jama'a, ko kare za ka ɗaure ai ka kira shi tukuna.

Wani zai ce to ya za a yi, a buɗe wa kowa? A'a. Ɗana ya nuna mini cewa tsakanin buɗewa da kullewa akwai matakai, kuma suna nan a cikin manhajojin da kamfanoni suka riga suka biya kuɗinsu, irin su Microsoft Exchange da Google Workspace. Ana iya rubuta wa uwar-garke jerin adireshin waje da aka amince da su, a ce malamin sikeli zai iya rubuta wa waɗannan masu kawo kaya kaɗai, da banki, da kamfanin fansho, ban da kowa. Ana iya buɗe akwati guda na sashen awo, mutum biyu ko uku su riƙa aiki da shi, shugabansu na ganin duk abin da ya fita. Ana iya sa duk wasiƙar da ta zo daga waje ta iso da tambari a goshinta mai cewa hattara, wannan baƙuwa ce. Duk waɗannan sun fi kulle baki ɗaya wahala kaɗan, domin sai an zauna an tambayi kowane sashe da wa yake hulɗa. Ni dai a ganina wannan zaman ne ake gudu, ya fi sauƙi a ja layi a ƙarƙashin mataki kaza a tashi.

Su kuwa manya, masu sa hannu a kuɗi, su ne ya kamata a ɗora wa takunkumi mai nauyi. Kada kalmar sirri kaɗai ta isa buɗe akwatinsu, sai an haɗa da lambar da za a turo wayarsu, kamar yadda banki ke yi mana idan za mu tura kuɗi. Kuma duk wasiƙar da ta ce an canja lambar asusu, ko a biya da gaggawa kada a gaya wa kowa, kada a fitar da ko kwabo sai an ɗaga waya an kira mutumin a lambar da aka san shi da ita tun da. Mu a kasuwar Dawanau ai haka muke yi tun da daɗewa. Yaro ya zo ya ce Alhaji ya ce a ba ni buhu goma, ba ka ba shi sai ka ji daga bakin Alhaji. Abin mamaki, manyan ne ke ƙin wannan, wai yana ɓata musu lokaci, wai ana raina su.

Don haka ina kira da babbar murya ga masu kamfanoni da ke sayen amfanin gona a hannunmu, na riɗi da waken suya da zoɓo da citta, idan za ku canja hanyar da takarda ke zuwa mana, ku sanar da mu tun kafin kaka, ku faɗa mana daga wane adireshi za ta riƙa fitowa. Ina kira ga ƙungiyoyin ƙwadago su sa baki, kada a kulle ma'aikaci sai an ba shi wa'adin da zai canja adireshinsa a banki da wurin fansho. Ku kuma ma'aikata, 'ya'yana da ƙannena, kowa ya je ya buɗe imel na kansa, kyauta ne, ya mayar da harkar bankinsa da ta fanshonsa can. Akwatin ofis na mai ofis ne, mai kula da uwar-garke na iya ganin abin da ke ciki, kuma ran da aka sallame ka a ranar za a rufe shi. Kada ka rubuta kukanka a ciki.

'Yan'uwana masu kai kaya, kada ka bari direbanka ya bar harabar kamfani ba tare da takardar awo ta hannu ba, mai hatimi da sa hannu, ko da an ce za a turo daga baya. Idan hoto aka turo maka ta WhatsApp, ka kira lambar ofis ka tabbatar. Idan wani ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka faɗa masa lambar da banki ya turo maka don a biya ka, kashe wayarka, ɓarawo ne.

Ni dai bana na koma bin mota da kaina, da tsufana da ciwon gwiwata, duk ranar Juma'a bayan kasuwar Maigatari ta Alhamis. Manajan ya yi mini alkawarin zai kai maganar jerin amintattun adireshi gaban shugabanninsa, har ya rubuta adireshin ɗana a bayan wani ambulan ya sa a aljihu. Wata huɗu ke nan.

 

Daga mai karatunku a kullum,
Wani mai sayen riɗi,
Gumel, Jihar Jigawa.